Mako guda ina neman muryar jitata

Litinin
Wata takwas ke nan da na fara koyon jita. Yau na ɗauki kiɗana da waya na saurara. Ƙarar fanka ta danne tsirkiya, ga janaretan maƙwabta yana ruri a baya. Duk da haka na ji inda yatsuna ke makara wajen sauya kamu, abin da ban taɓa lura da shi ba ina cikin kaɗawa. Dalilin da ya sa nake son kayan ɗauka ke nan.

Talata
Na shiga Sabon Gari. Mai shago ya jera mini miksa, da sifika biyu, da makirfon kondensa. Ya ce, "Malam, da waɗannan ka buɗe situdiyo." Na ce jita ɗaya gare ni, ɗaki ɗaya. Na fito hannu rabbana.

Laraba
Na je wurin wani yayana mai haɗa sautin waƙoƙin fim. Ya ce, "Ƙanena, sawun-kad ƙarami ya ishe ka, mai kafar jita ɗaya da ta makirfo ɗaya." Ya ambaci Focusrite Scarlett Solo, ya ce in aljihu bai kai ba, Behringer UM2 zai yi. Kondensa kuwa sai an ba shi wutar 48V, kuma kunnensa ya cika kaifi, har akuyar maƙwabta zai kwaso. Ya tuna mini Mdou Moctar na Nijar, wanda ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya tun kafin Turai ta san sunansa. Maganar nan ta zauna mini.

Alhamis
Na sayi UM2, da wayar jita mai kauri, da hedfon mai rufe kunne. Manhajar Audacity kyauta ce.

Juma'a
Matsala biyu. Wani zuuu yana bin kiɗan; da na cire cajar kwamfuta na bar ta kan batir, sai ya ɓace. Sannan sautin yana riskar kunnena a makare bayan na kaɗa, har ya rikita mini hannu. Akwai maɓalli a jikin UM2 ɗin da ke kawo sautin kai tsaye, ba tare da ya zaga ta kwamfuta ba. Na danna shi, hannu da kunne suka daidaita.

Asabar
Jonawa kai tsaye ta ba ni sauti busasshe, ba irin wanda nake ji a ƙirjina ba in na rungumi jitar. Yayana ya ara mini Shure SM57. Bayan sallar isha'i na kashe fanka, na jingina katifa da bango, na sauke labule. Na kafa makirfon taki ɗaya daga gaɓa ta 12, inda wuyan jita ya kusa haɗuwa da jikinta, na rage ƙarfi har alamar ta tsaya wajen -12. Gumi na zuba, na ɗauka sau tara. A na bakwai na ji itacen da kansa, har da shafar yatsa a kan tsirkiya.

Lahadi
Na mayar da makirfon. Na fara tara kuɗin nawa.