Masu haya a rumbun Nkrumah

Garuruwa da dama a arewacin Ghana suna da kangon gwamnati. Ka san irinsa, maƙwabci. Siminti mai kyau, ƙarfe mai kauri, an yi bikin aza harsashi da kiɗa, sannan mulki ya sauya hannu. Pwalugu tana da masana'antar tumatir. Zuarungu tana da ta nama. Tamale, kusan kilomita 100 yamma da mu nan Yendi, tana da rumbun Nkrumah.

A shekarun 1960 aka ɗaga shi don tara abinci. Ranar 24 ga Fabrairun 1966 sojoji suka kifar da Kwame Nkrumah, aiki ya tsaya a inda ya kai. Rumbu ya yi sama da shekara 50 yana jiran hatsi. Hatsi bai zo ba. Jemagu suka zo.

Sai ga Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, haifaffen 1987. Sana'arsa ba ta da sauƙin faɗa a majalisa. Yana tara tsofaffin buhunan da suka ɗauki koko, suka gaji, suka koma ɗaukar gawayi. Ya sa a ɗinke su, ya lulluɓe manyan gine-gine da su. An nuna aikinsa a Venice a 2015, Turawa suka yaba, kuɗi ya shigo. Da kuɗin tsumman buhu ya buɗe cibiyar fasaha ta SCCA a 2019, ya ƙara da Red Clay a 2020, ya sayi rumbun, ya buɗe shi a 2021 da sunan Nkrumah Volini. Jemagun da ya tarar bai kore su ba. Har gobe baƙo yana kallon hotuna a ƙasa, masu gida na rataye a sama.

A Red Clay akwai tsofaffin jiragen sama da aka sayo, aka kawo su ta kan titi, aka jere a fili. Yaran makaranta suna shiga ciki ana koyar da su. Akwai kuma taragun jirgin ƙasa na zamanin Turawa. Layin dogo dai bai taɓa isowa arewacin Ghana ba. Tun kakanninmu ake alkawarinsa. Da jirgin ƙasa ya tashi zuwa Tamale, a bayan tirela ya zo.

A 2024 Mahama ya lulluɓe wani ɓangare na ginin Barbican a Landan da ƙyalle mai faɗin murabba'in mita wajen 2,000, an liƙa masa tsofaffin rigunan batakari. Masaƙa da maɗinkan Tamale ne suka yi aikin da hannu. Babu ɗakin da zai ɗauki ƙyallen, sai aka shimfiɗa shi a filin wasa na Aliu Mahama. Ka ga rumbu ya zama gidan kallo, jirgi ya zama aji, filin ƙwallo ya zama shagon tela.

Masu zuwa daga Accra suna riƙe baki. Ni dai ban ga abin riƙe baki ba. Wannan aikin yaran unguwa sun daɗe suna yin sa, babu wanda ya ɗauki hotonsu. Duba duk wani tsohon sito da aka rufe, a Yendi ko Salaga ko Bawku. Kafin kwaɗon ƙofar ya yi tsatsa, an zana gola da gawayi a bango. Inuwar gabas ta dattawa ce masu dara. Ta yamma ta samari ce masu ataya. Mata suna shanya kaɗanya da gyaɗa a kan dandamalin da aka zuba don injuna. Awaki suna da nasu lokacin, tsakanin azahar da la'asar.

Ko a Brazil haka aka yi. A birnin Sao Paulo akwai wata tsohuwar masana'antar gangunan ƙarfe a unguwar Pompeia. A 1977 aka ba wata mai tsara gine-gine, Lina Bo Bardi, aikin mayar da ita wurin wasanni da nishaɗi. Da ta je dubawa, ta tarar iyalai sun riga ta, yara suna guje-guje, samari suna buga ƙwallo a cikin rumfunan. Ta bar rumfunan a tsaye. Ta ƙara musu ɗakin karatu da gidan wasan kwaikwayo, daga baya ta ɗora filayen wasa hawa-hawa a gefe, aka gama a 1986. Gwanintarta ita ce ta ga abin da mutane ke yi, ba ta hana su ba.

Mu a Yendi al'ada ba ta taɓa neman rufi ba. Bikin Damba a ƙofar fadar Gbewaa ake yin sa, makaɗa suna jero sunayen sarakunan Dagbon da ka, ba tikiti, ba kujera mai lamba. Abin da ke neman rufi ƙanana ne. Yarinya mai karatun jarrabawa da gidansu ba wuta. Yara masu ƙwallo idan damina ta mai da filin makaranta fadama. 'Yan wasan kwaikwayo da ke gwaji a ajin da za a kulle da ƙarfe biyu. Waɗannan ba su nemi marmara ba. Kwano mara yoyo suke so, da ƙwan lantarki, da bayan gida mai ƙofa.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ranar yanka ƙyallen buɗe irin wannan wuri kowa yana zuwa da sabon batakari. Tambayar tana zuwa bayan wata shida. Wa ke sayen katin wuta? Wa ke shara? Wa zai raba gardama idan masu biki sun kama ɗakin ranar da 'yan ƙwallo ke da wasa? Kango ba shi da kwamiti, shi ya sa kowa ke shigarsa. Da zarar an yi masa fenti, sai a naɗa shugaba da ma'aji, a sayo kwaɗo mai tsada. Makulli ɗaya ne, yana aljihun maigadi, maigadi kuma ya tafi suna a Gushegu, sai jibi.