Kurket: Na Kwana Biyar Ko Na Sa'a Uku?

Duk cikin wasannin da Turawan Ingila suka yaɗa a ƙasashen da suka mallaka, babu wanda masoyansa suke jayayya da juna kamar kurket. Masu son ƙwallon ƙafa gardamarsu a kan ƙungiya take, wannan ya ce tasa ta fi, wancan ya ce bai yarda ba. Mutanen kurket kuwa har yau ba su daidaita ba a kan wane ne ma kurket ɗin na ainihi.

Dalili shi ne wasan iri uku ne. Akwai na asali, wanda ake kira Tes, ana yin sa da fararen tufafi har kwana biyar, kuma bayan duk wannan wahala yana yiwuwa a tashi babu wanda ya ci. An fara shi a birnin Malbon cikin 1877, inda Ostareliya ta doke Ingila. Akwai na yini guda, wanda karawarsa ta farko tsakanin ƙasashe ruwan sama ne ya jawo ta, domin cikin Janairun 1971 ruwa ya ɓata wasan Tes a Malbon ɗin dai, sai aka shirya gajere don kada 'yan kallo su koma gida haka nan. A yau kowane ɓangare yana samun zagaye 50, kowane zagaye kuwa jifa shida ne. Sai ɗan autansu, watau T20, mai zagaye 20, wanda aka ƙago a Ingila cikin 2003. Shi kam cikin sa'a uku an gama an watse.

Ni aikin dare a teburin labaran ƙasashen waje ne ya haɗa ni da wannan wasa. Wanda ya fahimtar da ni lissafinsa wani dattijo ne mai gyaran rubutu a ofishinmu, wanda ya koye shi tun yana yaro a kwalejin gwamnati, irin waɗanda Turawa suka sa wa kurket a cikin tsarin karatu, kamar yadda suka yi a Kwalejin Katsina. A wurin Baba, in ba Tes ba, to wasan yara ne. Hujjarsa ita ce a cikin kwana biyar babu abin da ke tsayawa yadda yake. Ƙasar da ake jifa a kanta tana bushewa tana tsattsagewa, ƙwallo yana tsufa, ba a ba da sabo sai bayan zagaye 80, mai riƙe da sanda kuma dole ya san jifan da zai doka da wanda zai ƙyale ya wuce. Yakan yi dariya ya ba da labarin wasan Durban na 1939, inda Ingila da Afirka ta Kudu suka shafe fiye da mako guda suna karawa, har aka tashi ba a gama ba don kada jirgin ruwa ya bar 'yan Ingila.

Zuciyata ni ma tana wajen Tes. Cikin Disamban 2020 Ostareliya ta fitar da dukan 'yan wasan Indiya da maki 36 kacal, duniya ta yi ta yi musu dariya. Wata guda bayan haka, manyansu da yawa suna jinyar rauni, suka je Birisben, filin da rabon a ci Ostareliya a cikinsa tun 1988, aka ce sai sun kawo maki 328. Na bi wannan rana ta ƙarshe tun daga tsakar dare har hantsi, agogon Nijeriya, suka kuwa kawo. Mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma irin wannan dahuwa ba ta yiwuwa cikin sa'a uku.

To, amma samarin da nake tararwa a filin kurket na Dandalin Tafawa Balewa a Ikko ba haka suke gani ba. Tambayarsu guda ce: wane ma'aikaci ko ɗan makaranta ne yake da kwana biyar na zama kallo? Su a wurinsu daɗin wasa shi ne a daki ƙwallo ya tsallake iyakar fili a sami maki shida nan take. Ba su kaɗai ba ne. Gasar T20 ta ƙungiyoyin Indiya, wadda aka fara cikin 2008, an sayar da izinin nuna ta na shekara biyar cikin 2022 a kan fiye da dala biliyan 6.

A nan ne na rabu da Baba. Ƙasashe 12 kaɗai aka yarje wa buga Tes, Nijeriya kuwa ba ta ciki. Sai cikin 2018 hukumar kurket ta duniya ta yanke cewa wasan T20 na kowace ƙasa da ke cikinta za a lasafta shi cikakken wasan ƙasa da ƙasa. Ta wannan ƙofa ce 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka je Maleshiya cikin Janairun 2025, suka doke Niyu Zilan da ratar maki biyu, ƙasar da ta fara buga Tes tun 1930. T20 ɗin ne kuma aka zaɓa don wasannin Olamfik na 2028 a Los Anjelis, bayan rabon kurket da Olamfik tun 1900. Wanda ke raina gajeren wasa, lalle ya tuna cewa shi kaɗai aka bar wa irinmu.

Duk da haka tsoron dattawa ba na banza ba ne. Ƙungiyar tsibiran Karebiyan, wadda ta ci Kofin Duniya na 1975 da na 1979, ta kuma shafe daga 1980 zuwa 1995 ba a rinjaye ta a jerin wasannin Tes ba, cikin Yulin 2025 an fitar da ita da maki 27 a gidanta Jamaika. Gwanayenta da yawa sun fi son gasannin T20 na ƙetare, inda 'yan makonni ke kawo abin da shekara ba ta kawowa. Ba za a ga laifinsu ba, kowa yana da iyalin da zai ciyar.

Saboda haka abin da nake gani ya kamata masoya su daina gardamar wanne ya fi, su tambayi inda kuɗin yake tafiya. In an ware wani kaso na ribar T20 don biyan 'yan wasan Tes na ƙasashe marasa ƙarfi, dogon wasa zai rayu. Nan gida kuma ina roƙon masu kula da kurket su riƙa shirya wa yaranmu wasan kwana biyu ko uku, ko da sau ɗaya ne a shekara, domin yaron da bai taɓa kwana da wasa a ransa ya wayi gari ya ci gaba da shi ba, rabin kurket kawai ya sani.