Katangar Da Ta Koya Mini Haƙuri

Tun ran 12 ga Disamba, 1991, da aka maido da mazaunin gwamnatin tarayya daga Legas zuwa Abuja, ƙaramin ma'aikaci a birnin nan ba shi da wani buri da ya wuce ya kuɓuta daga hannun masu gidan haya. Ni ma haka. Na shekara shida ina tara taro da sisi, har Allah ya nufa na tayar da ɗaki biyu da falo a bayan garin Kuje.

A watan Agusta na 2023 birkila ya gama filasta, saura kwana goma sha biyu kuɗin hayata ya ƙare. Sai na ce a yi fenti nan da nan, mu tare. Birkilan, wani dattijo wanda ya yi sa'ar mahaifina, ya dafa bangon da tafin hannunsa, ya ce, "Ɗana, bangon nan bai sha iska ba. Ka ba shi wata guda, tun da damina ce ma ka ƙara." Na ce, "Baba, mai gidan haya ba ya jiran bango." Ya yi shiru.

Kwana shida da gama filasta na tafi kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, na sayo fentin ruwa na ɗakuna da fentin mai na falo. Wani saurayi mai fenti ya shafe gidan cikin kwana biyu. Muka tare, maƙwabta suna ta sa albarka.

Ba a yi mako uku ba sai bango ya fara ƙuraje. Fentin ɗakuna ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, wani farin gari mai kama da kanwa ya feso daga ƙasa. Na falo kuwa ya yi danƙo, launinsa ya dusashe. Na kira yaron nan na zazzage shi a gaban iyalina, na ce ya tsinka fentina da ruwa ya sayar da ragowar. Na riƙe cikon kuɗin aikinsa.

Daga baya wani injiniya da na je ɗaukar labari wurinsa ya warware mini. Siminti, in ji shi, da ruwa yake yin ƙarfi, kuma kwana 28 masana gini suke ƙidaya masa kafin su ce ya nuna. Ruwan da ya rage a ciki dole ya fita. In an toshe masa hanya da fenti sai ya ture fentin, ya fito da gishirin da ke cikin yashi da bulo. Sa'an nan sabon siminti yana da kaifi irin na ruwan toka. Duk wanda ya ga yadda mata ke haɗa ruwan toka da mai su yi sabulu ya san abin da ya sami falona.

Ya kuma koya mini gwaji mai sauƙi. A manna leda a jikin bango, a rufe gefenta duka, a bar ta kwana ɗaya. In ta yi gumi, bango bai bushe ba. In ya bushe, a goge ƙura, a fara da shafin share fage mai jure kaifin siminti, ko fentin ruwa da aka tsinka, kafin a yi shafi biyu na sosai. Ashe kakanninmu da ke shafa farar ƙasa a kan yaɓe sun huta da wannan, don ita ba ta hana bango numfashi.

To, jama'a, asarar fenti ba ita ta fi damuna ba. Na ci mutuncin yaro a kan laifin da ni na yi, alhali sana'ata ita ce bincike kafin zargi. Na neme shi, na biya shi haƙƙinsa, na roƙi gafara. Ya ce, "Ba komai, Yallaɓai."

Muka zauna cikin ɗakuna masu dabbare-dabbare har hunturu ya shigo. A watan Janairu shi ɗin dai ya kankare bangon ya sake shafawa, kuma har yau fentin bai motsa ba. Dattijon birkila da ya zo gani ya sake dafa bangon, ya yi murmushi, ya ce, "Sauri ya haifi nawa." Na ce, "Na ji, Baba."