Wane Labari Ya Isa A Rubuta?

Mu da ake shiryawa don aikin koyarwa, akwai tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu: wane labari ya isa a rubuta, wane kuma za a bari ya bi masu shi kushewa? Yunanawa sun riga mu wannan tunani, manyan malamansu biyu kuwa sun saɓa.

Na fari shi ne Hirodotas, wanda ya rubuta yaƙin Yunanawa da Farisa a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi abin da ya tsorata mantuwa ce. Bai raina ƙaramin gari ba, gama ya lura manyan birane kan ƙanƙance, ƙanana su ƙasaita. Har al'adun Misirawa da cikar kogin Nilu ya sa a littafinsa. Na biyu Tusididis, mai labarin yaƙin Atina da Sifata, wanda aka soma a shekarar 431 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi girman al'amari yake aunawa, watau yawan mayaƙa da yawan ɓarna. Ba ya kuwa karɓar zance sai ya gani da idonsa, ko ya tuhumi shaidu.

To, mu komo gida. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya juya daga Larabci zuwa Turanci a 1908, ya jera sarakuna tun daga Bagauda har Muhammadu Bello, da shekarunsu da yaƙoƙinsu. Aiki ne mai daraja, amma yawanci idonsa na kan fada. Ga Rano cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake ce wa sarakunan baba, amma ina labarin marinanta? Mu mutanen Rurum Sabon Gari, sunan garinmu ma tambaya ne, don ba a cewa sabo sai da tsoho. Su wa suka fara tasowa, me ya taso su? An gina madatsar ruwan Tiga kusa da mu tsakanin 1971 da 1974. Waɗanda suka san ƙasar kafin ruwa ya rufe ta, yau duk sun yi furfura.

Shawararmu ita ce mu gama malaman nan biyu, Hirodotas ya zaɓa mana labari, Tusididis ya tace mana shi. In an yi hutu, kowa ya durƙusa gaban dattawan garinsu da alƙalami, abin da wannan ya faɗa a gwada shi da na wancan. Da tsohuwar zuma ake magani. In mun yi sake, almajiranmu za su haddace sarakunan nesa, su jahilci kakanninsu. Allah ya kiyashe mu, amin.