Tawada a Kan Hoto

Har zuwa farkon shekarun 1930, masu zane ne ke riƙe da bangon mujallar Vogue ta Amurka. Sai a watan Yulin 1932 hoto mai launi, wanda Edward Steichen ya ɗauka, ya fara hawa bangon. Ke nan a harkar tallar tufafi zane ne wa, hoto ƙane. Ga shi yau ƙanen ya yi ƙarfi har yana korar wansa daga gida, a azuzuwanmu ma.

A zangon karatun da ya wuce ina cikin malamai uku da suka duba aikin ƙarshe na ɗaliban ɗaukar hoto. Wata ɗaliba ta kawo hotuna shida na samari sanye da manyan riguna na farar shadda waɗanda ba a yi wa aiki ba. Ta bi kowane hoto da tawada ta zana aska takwas a ƙirjin rigar, ta bar layukan suka zarce kafaɗa suka bazu a bango. Abokan aikina biyu suka ce ta saɓa umarni, hoto aka nema, ba zane ba. Ɗayansu ya ƙara da cewa tawada mayafi ce da rago ke lulluɓe kuskuren haske da ita.

Wannan hujja ta biyu tana da nauyi, don na sha ganin hakan. Amma maganinta bai da wuya: a nemi asalin hoton kafin a taɓa shi. Na nema, ta kawo. Duk wanda ya taɓa ɗaukar farar shadda a rana ya san yadda ƙyallinta ke cinye zubin saƙar, rigar ta koma kamar farar takarda. A nata hotunan ana iya ƙirga ninkin guga.

Hujjar farko ce na ƙi. Jean-Paul Goude na Faransa yankawa ya riƙa yi yana liƙawa yana shafa fenti a hotunan Grace Jones, kuma su muke haska wa ɗalibai a aji. Philip Kwame Apagya na Ghana a gaban zanannen labule yake tsayar da mutanensa, kamar yadda masu hoton garuruwanmu suka yi wa iyayenmu. Ita kanta babbar riga, sai mai zane ya fitar da aska a kan yadi kafin maɗinki ya sa allura. Abin da yarinyar ta nuna ke nan, rigar da take jiran allura.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mu ne muke yi wa ɗalibai tambayar jarrabawa a kan Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, waɗanda a 1958, suna ɗalibai a Zariya, suka kafa ƙungiya don shigar da zanen gida cikin abin da Turawa ke koyar da su. Wanda ya yabe su a takarda yakan sami maki, wadda ta yi irin aikinsu kuwa aka rage mata.

Biyu sun rinjayi ɗaya, aka ba ta C. Takardar makinmu tana da gurbin haske da na tsari da na bugu, ba ta da gurbin dalili. Na rubuta wa kwamitin sashe ina neman a riƙa karɓar asalin hoto tare da wanda aka yi wa ƙari, a kuma saurari ɗalibi kafin a yanke. An ce za a duba a zama mai zuwa. Kafin nan ita ta riga ta karɓi sakamakonta.