Daren Da Tela Ya Kwana Da Takardar Likita

Akwai wani tela mutumin Kano da ke zaune a Agege ta Ikko, wanda ya riƙi ƙanensa tun rasuwar mahaifinsu. Yaron yana da shekara 19 sa'ad da ya soma kukan ciwon baya. Da fari an ɗauka gajiyar zaman keke ce, aka kira wanzami ya yi masa ƙaho. Wata uku suka shige, yaro sai rama yake yi, kullum dare zazzaɓi da gumi. Daga nan wani ɗan tudu ya ɓullo a tsakiyar gadon bayansa. Waɗansu suka ce ƙusumbi ne, waɗansu suka ce jifa aka yi wa wa ya faɗa kan ƙane. Aka shiga jiƙe-jiƙe da hayaƙi. Ran nan da asuba yaro ya yunƙura zai tashi alwala, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. Ya ce, "Yaya, ba na jin tabarma a tafin ƙafata."

A asibiti aka ɗauki hoton bayan, likita ya ce tarin fuka ne. Tela ya ce, "Likita, ranka ya daɗe, ai yaron nan bai taɓa tari ba." Likita ya bayyana masa cewa ƙwayar cutar takan bi jini daga huhu ta sauka cikin ƙashi. Ƙasusuwa 33 ne suka jeru suka yi gadon baya, laka kuwa ta bi ta tsakiyarsu daga ƙeya zuwa ƙugu kamar zare cikin carbi, ita ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu. Cuta ta cinye ƙashi biyu sun rushe, mugunya ta taru ta danne lakar. Aka soma ba yaro ƙwayoyin tarin fuka, amma makonni suka wuce ƙafafu ba su motsa ba. Sai likita ya ce sai an yi fiɗa, ya miƙo takarda wan ya sa hannu.

Nan fa hankalin tela ya tashi, domin tun yana yaro yake jin ana cewa wanda wuƙar likita ta taɓa bayansa ya yi sallama da tafiya. Kawunsu ma ya aiko daga gida cewa a sa yaro a mota a kawo shi wurin maɗori. In ya sa hannu abu ya ɓaci, da wane ido zai dubi mahaifiyarsu? In ya ƙi, yaro ya ƙare a kwance, wa zai ɗora wa laifi? Haka ya kwana zaune bisa benci, takarda a aljihu.

Da gari ya waye ya sake tambaya, likita ya raba masa abu biyu da jama'a ke haɗawa. Akwai lakar da ta tsinke, kamar yadda kan faru a haɗarin mota, kuma har yau babu likitan da ya iya ɗinke ta. Irin waɗannan akan yi musu aiki don a daidaita ƙashi, in ba su tashi ba sai mutane su zargi wuƙa, alhali haɗarin ne ya yi ɓarna. Akwai kuma lakar da aka danne kawai, wadda sau da yawa takan farfaɗo in an ɗage mata nauyi da wuri. Jinkiri shi ne ke mai da ta biyun ta zama kamar ta farin. Fiɗa tana da haɗari, likita bai ɓoye masa ba, amma jijjigar mota da matsar maɗori a kan ruɓaɓɓen ƙashi sun fi ta.

Wannan ilmi ba na jiya ba ne. Tun 1779 wani likitan fiɗa na Landan, Percivall Pott, ya bayyana wannan shanyewar ƙafafu, har cutar ta ɗauki sunansa. A 1956 likitoci biyu a Hongkong, Hodgson da Stock, suka nuna yadda ake shiga ta gefen ƙirji a kwashe mugunya da mataccen ƙashi, a cike gurbin da guntun haƙarƙarin majiyyaci. Yanzu har ƙarafa da kusoshi ake ɗaurawa su riƙe bayan. A ƙasar nan akwai asibitocin ƙashi na tarayya a Igbobi cikin Ikko, da Dala a Kano, da Inugu. Yawancin masu wannan cuta ma magani kaɗai ke warkar da su in sun zo da wuri, muddin sun sha shi wata tara zuwa shekara guda ba fashi.

Tela ya yi bisimilla ya sa hannu. Bayan aiki da mako biyu, yana ba ƙanen koko, sai yaro ya ce, "Yaya, dubi babban yatsana." Yatsa na motsi. Wata shida bayan haka ya taka da sanda zuwa masallaci. Tudun bayan dai bai baje duka ba, ya zauna shaidar watannin da aka ɓata wajen hayaƙi.

To, jama'a, ciwon bayan da ya zo da rama da gumin dare, a kai shi asibiti tun mai shi yana tafiya da ƙafarsa. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, amin.