Daga Lahore zuwa Mirpur: Gidajen da 'Ya'ya Suka Bari

Wanda ya bar Lahore ya nufi arewa a kan tsohuwar hanyar nan da 'yan Pakistan ke kira GT Road, allunan talla sun isa su gaya masa inda hankalin matasa ya karkata. Tun daga Gujranwala har muka haye kogin Chenab muka shiga Gujrat, garin da ya yi suna wajen ƙera fanka, kusan kowace kasuwa akwai ajin koyon jarrabawar Turanci ta IELTS da ofishin dillalan biza: Ingila, Kanada, Ostareliya.

Hukumar da ke rajistar masu fita aiki waje ta ƙirga sama da mutum dubu 800 a 2022, sannan sama da dubu 860 a 2023, shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 38 cikin ɗari a watan Mayu. Akasarinsu leburori ne da direbobi masu zuwa Saudiyya da Dubai, amma a cikinsu akwai dubban likitoci da injiniyoyi da akantoci da masana kwamfuta. A nan bambancin yake. Lebura ɗan ci-rani ne. Ba shi da halin ɗaukar iyali, don haka matarsa na gida tare da iyayensa, kuma ranar da kwantiragi ya ƙare zai dawo. Likita kuwa da matarsa da 'ya'yansa yake tashi, bayan wasu shekaru ya karɓi fasfon can. A ƙasar da aka saba ɗa da matarsa su zauna gida ɗaya da iyaye har mai rabawa ta raba, tafiyar ɗa mai ilimi na nufin gida ya watse gaba ɗaya.

A Jhelum na sauka gidan wani dattijo, malamin makaranta da ya yi ritaya. Fili ya sayar don ɗansa ya yi karatun likita a Lahore, kuma shi da bakinsa ya ce wa yaron ya tafi, don albashin asibitin gwamnati ba ya riƙe gida. Yanzu ɗan yana aiki a Ingila, ƙanwarsa kuma tana aure a Toronto. Kuɗi ba sa yankewa. Akwai farantan sola a kan rufi, akwai mota a gareji. Sai dai dattijon idonsa ya yi rauni, ba ya tuƙi, kuma ranar da hawan jinin uwargida ya tashi da tsakar dare, ɗan maƙwabci aka buga wa ƙofa. Ɗan da aka haifa aka koya wa likitanci sai ta WhatsApp ya karanta sakamakon gwaji.

Na tambayi uwargidan, Hajiya, me ya hana su bi ɗan nasu. Ta yi dariya ta miƙo mini shayi. Maigidan ne ya yi bayani: tun 2012 Birtaniya ta tsaurara dokar kai iyaye, sai an tabbatar tsoho na bukatar kulawa ta yau da kullum wadda ba ta samuwa a ƙasarsa ko da kuɗin ɗan nasa. Wa zai iya tabbatar da haka a ƙasar da ake ɗaukar mai aiki da araha? Sai bizar ziyara. Sun taɓa zuwa, suka wuni a ɗaki a rufe, ɗa da suruka na wurin aiki, ga sanyi, babu masallacin da ƙafa za ta kai, babu abokin hira. Kafin lokacin ya cika suka ce a mai da su gida.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda ɓangarorin biyu ke ɓoye wa juna. Kafin a kira su ta bidiyo, Hajiya kan gyara mayafi ta zauna daram, ta ce kowa lafiya. Faɗuwar da ta yi a banɗaki ba a faɗa ba sai da ƙafar ta warke. Ba na shakka shi ma ɗan akwai abin da yake haɗiyewa.

Daga garin Dina muka karkata zuwa Mirpur, inda wannan labari ya tsufa. Madatsar ruwa ta Mangla, da aka kammala a 1967, ta cinye tsohon garin, ta tashi mutane kimanin dubu 100, da yawa suka nufi masana'antun Bradford da Birmingham. Yau ana yi wa Mirpur kirari da Ƙaramar Ingila. Manyan benaye ne jere, da marmara da ginshiƙai, amma da magariba sai ka ga fitila ɗaya tak a ƙasa, ta ɗakin mai gadi ko ta wata tsohuwa. Jikoki kan zo hutun bazara da Turancinsu, kaka na yaren Pahari, sai a yi ta murmushi da nuni. Wasu kuwa zuwansu na gaba na jana'iza ne, kuma tunda ba a jinkirta gawa, sau da yawa kabari kawai suke tararwa.

Ban ga laifin matasan ba, haka ma iyayen ba su gani ba. Da alfahari suke nuna maka hoton bikin kammala karatu. Laifin da na gani na hukuma ne. A shekarar kuɗi da ta ƙare a Yunin 2025, 'yan Pakistan mazauna waje sun aiko da sama da dala biliyan 38, kuɗin da ya zarce abin da ƙasar ta samu daga kayan da ta sayar a waje. Gwamnati na murna da waɗannan kuɗi duk wata, amma tsohon da ba shi da kowa a kusa, yawanci gidajen agaji irin na Gidauniyar Edhi ne madogararsa. Ƙasar da ke numfashi da kuɗin waɗannan 'ya'ya, kula da iyayensu bashi ne a kanta, kuma har yanzu ba ta fara biya ba.